Suna biyan haraji, ba su da ƙuri'a a majalisa: matsalar mazauna birnin Washington

Yawancin jihohin Amurka suna da ɗan kirarin da suke rubutawa a jikin lambar motocinsu. Florida tana taƙama da hasken rana, Idaho kuma da dankalinta. Washington, babban birnin ƙasar, ba kirari ta rubuta ba, koke ne. Tun shekarar 2000 yawancin motocin birnin suke yawo da rubutun da ke cewa ana karɓar haraji ba tare da wakilci ba, daga 2017 kuma aka ƙara masa kaifi, ya koma kiran a kawo ƙarshen hakan. Shugaba Bill Clinton ya sa an liƙa irin wannan lamba a motarsa ta aiki gab da saukarsa, George W. Bush ya hau ya sa aka cire, Barack Obama ya mayar da ita a 2013.

Abin da lambar ke faɗa gaskiya ne tsagwaronta. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 689,545 a birnin. Jihar Wyoming tana da 576,851, Vermont kuma 643,077, wato dukkansu ba su kai Washington yawan jama'a ba. Amma kowacce tana da sanatoci biyu da ɗan majalisar wakilai guda mai cikakkiyar ƙuri'a. Washington ba ta da sanata ko ɗaya. A Majalisar Wakilai akwai kujera guda da aka ba ta, wadda Eleanor Holmes Norton ta hau tun 1991. Mai wannan kujera yana iya gabatar da ƙuduri, ya yi jawabi a zaure, ya kaɗa ƙuri'a a kwamiti, amma idan aka zo ƙuri'ar ƙarshe wadda ke mayar da ƙuduri doka, sai ya zauna ya zuba ido. Ranar 26 ga Yuni, 2020, Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin mayar da birnin jiha. Norton ce ta gabatar da shi, ita ta yi shekaru tana bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya a kansa, amma cikin ƙuri'u 232 da suka goyi baya babu tata.

Haraji kuwa ba a ɗaga musu ƙafa ko kaɗan. Suna biyan harajin samu na tarayya kamar kowa, kuma idan aka raba abin da ake tarawa a birnin bisa yawan mutanensa, babu jihar da ta kamo shi. A jimlace ma ya zarce na jihohi da dama. 'Ya'yansu sun shiga soja, an kuma ɗebe su dole zuwa yaƙe-yaƙe lokacin da ake yin hakan. Nan ne suka bambanta da yankuna irin su Puerto Rico da Guam. Su ma waɗancan ba su da ƙuri'a a majalisa, kuma wannan wani zalunci ne mai zaman kansa, amma galibin mutanensu ba sa biyan harajin samu na tarayya a kan abin da suka samu a gida. Mutumin Washington shi ne ke ɗauke da dukkan nauyin ɗan ƙasa, aka kuma hana shi babban haƙƙin ɗan ƙasa. Ya zama kamar wanda ke kawo cefane kullum, amma ba shi da bakin magana kan abin da za a dafa.

Abin da ya sa wannan magana take da zafi a kunnen Ba'amurke shi ne, a kanta aka kafa ƙasar. Da majalisar Birtaniya ta ɗora wa mazauna yankunanta na Amurka harajin hatimi a 1765, amsar da suka ba ta ita ce ba su da wakili a Landan, saboda haka ba ta da hurumin taɓa aljihunsu. A kan haka aka zubar da ganyen shayi cikin teku a Boston a 1773, daga nan har aka kai ga yaƙin neman 'yanci. Duk ɗan firamare a ƙasar ya san wannan labari.

To yaya aka yi ƙasar da ta yi yaƙi a kan haka ta wayi gari tana yi wa babban birninta?

Asalin abin tsoro ne. A watan Yunin 1783, yaƙi ya ƙare amma ba a biya sojoji haƙƙinsu ba. Wasu ɗaruruwa daga cikinsu suka kewaye ginin da majalisa ke zama a Philadelphia. 'Yan majalisa suka nemi hukumomin jihar Pennsylvania su turo dakarun jiha su kare su, hukumomin suka ƙi. Dole majalisar ƙasa guda ta tattara komatsanta ta gudu zuwa Princeton a jihar New Jersey. Wannan wulaƙanci bai fita daga ran shugabannin lokacin ba. Da suka zauna rubuta tsarin mulki a 1787, sai suka sa sharaɗin cewa mazaunin gwamnati zai kasance gunduma ta musamman, wadda ba za ta wuce mil goma a kowane gefe ba, kuma majalisar tarayya ce kaɗai za ta yi mata doka. Manufar a fili take: kada tsaron gwamnatin tarayya ya sake rataya a wuyan wani gwamna.

Dokar 1790 ta zaɓi gaɓar kogin Potomac, jihohin Maryland da Virginia suka yanko ƙasa suka bayar, gwamnati ta tare a 1800. Mutanen da ke zaune a wurin sun ci gaba da zaɓe a tsofaffin jihohinsu na ɗan lokaci. Sai dokar 1801 ta mayar da gundumar kacokan ƙarƙashin majalisa, daga ranar suka daina zama 'yan Maryland ko 'yan Virginia. Tsarin mulki kuma ya ce sanatoci da wakilai daga jihohi suke fitowa. Ba a zauna an yanke shawarar a ƙwace musu ƙuri'a ba, faɗawa suka yi cikin giɓin da aka bari tsakanin sassa biyu na kundi ɗaya. Mutanen gundumar a lokacin kusan 14,000 ne, ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. James Madison, ɗaya daga cikin marubutan tsarin mulkin, wanda ya kare tsarin a rubuce-rubucensa na 1788, ya ɗauka cewa aƙalla za a bar su su zaɓi majalisar gari ta kansu. Kotun Ƙoli kuwa tun 1820 ta yanke cewa majalisa tana da ikon ɗora musu haraji, da wakili ko babu.

Giɓi ana iya cike shi. Abin tambaya shi ne me ya hana a cike wannan fiye da shekara ɗari biyu, kuma a nan ne tarihin ya yi muni.

A 1846 aka amince a mayar wa Virginia ɓangarenta, wato yankin Alexandria. Cikin dalilan har da fargabar masu cinikin bayi na garin cewa majalisa za ta haramta sana'arsu a gundumar. Ranar 16 ga Afrilu, 1862, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta 'yanta bayi kusan 3,100 a birnin, watanni kafin shelarsa da ta shafi jihohin kudu. Baƙar fata masu gudun bauta suka yi ta kwarara cikin garin. A 1867 aka ba mazansu damar zaɓen shugabannin gari, suka fito suka yi zaɓe, wasunsu suka ci kujeru. Abin bai daɗe ba. A 1871 aka sauya tsarin mulkin birnin, aka naɗa masa gwamna daga sama. Alexander Shepherd, wanda ya riƙe ayyukan gari daga baya ya zama gwamnan, ya shimfiɗa tituna da magudanan ruwa, ya kuma jefa birnin cikin bashi mai yawa. Da wannan hujja majalisa ta rushe komai a 1874, ta miƙa birnin ga kwamishinoni uku da shugaban ƙasa ke naɗawa. Farare da baƙaƙe duk suka rasa ƙuri'a. Wani sanata daga Alabama, John Tyler Morgan, ya fito da abin da ke ransu a zauren majalisa a 1890, inda ya ce sai da aka ƙona rumbu don a rabu da ɓeraye, ya kuma fayyace cewa ɓerayen su ne baƙar fata, rumbun kuma gwamnatin gundumar.

Kusan shekara ɗari mutanen babban birnin Amurka ba su zaɓi magajin gari ba, ba su zaɓi kansila ba, ba su zaɓi shugaban ƙasa ba sai a ƙarshe-ƙarshen wannan zamani. Ainihin mai mulkin garin shi ne shugaban kwamitin Majalisar Wakilai mai kula da gundumar, kuma sama da shekara ashirin wannan kujera tana hannun John McMillan na South Carolina, ɗan jam'iyyar Democrat mai ra'ayin wariyar launin fata. A zamaninsa ne, a ƙarshen shekarun 1950, Washington ta zama babban birni na farko a ƙasar da baƙar fata suka fi yawa, zuwa 1970 sun kai kashi 71 cikin ɗari. Majalisar Dattawa ta sha amincewa da ƙudurin ba birnin mulkin kai, ƙudurin ya je kwamitin McMillan ya mutu a can. A 1967, da Shugaba Lyndon Johnson ya naɗa Walter Washington, baƙar fata, ya shugabanci birnin, ya aika wa majalisa kasafin kuɗinsa na farko, amsar da McMillan ya ba shi ita ce mota cike da kankana da aka sauke masa a ofis. A Amurka, wannan tsohon zagi ne da ake yi wa baƙar fata, kuma kowa ya gane saƙon. Ba a rabu da McMillan ba sai a 1972, bayan da masu fafutika daga Washington suka bi shi har mazaɓarsa suka taimaka wajen fito da baƙar fata masu zaɓe, ya faɗi a zaɓen fidda gwani.

Abin da birnin ke da shi yau an ba shi ne guntu-guntu. Gyaran tsarin mulki na 23 a 1961 ya ba shi ƙuri'u uku a kwalejin zaɓen shugaban ƙasa, wato rukunin wakilan jihohi da ke kaɗa ƙuri'ar ƙarshe ta zaɓen shugaban, suka fara zaɓe a 1964. Kujerar wakili marar ƙuri'a ta zo a 1970, Walter Fauntroy ya fara hawa a 1971. Dokar mulkin kai ta 1973 ta ba su zaɓaɓɓen magajin gari da majalisar gari mai mutum 13. A 1978 majalisun tarayya biyu suka amince da gyaran tsarin mulki da zai ba birnin sanatoci da wakili, amma ana buƙatar jihohi 38 su sa hannu cikin shekara bakwai. Da wa'adi ya cika a 1985, jihohi 16 kawai suka yarda.

Wani zai ce, tunda suna zaɓen magajin gari da shugaban ƙasa, ai sauran abin alama ce kawai. Ba haka ba ne, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi damuna. Mulkin kan da aka ba su aro ne, wanda ya ba da shi yana iya karɓewa. Duk dokar da majalisar gari ta yi sai an kai ta gaban majalisar tarayya ta jira kwana 30 na zaman majalisa, idan ta shafi manyan laifuka kwana 60. A watan Maris na 2023 aka soke sabon kundin hukunta laifuka da birnin ya yi shekaru yana shiryawa, kuma Shugaba Joe Biden, wanda ke cewa yana goyon bayan birnin ya zama jiha, shi ya sa hannu a sokewar. Alƙalan kotunan birnin shugaban ƙasa ke naɗa su, Majalisar Dattawan da ba su da kowa a cikinta ke tabbatar da su. Mai gabatar da ƙara a manyan laifuka ma na gwamnatin tarayya ne, ba wanda jama'ar gari suka zaɓa ba.

Hanyar da aka fi bi wajen juya birnin ita ce ta kasafin kuɗi. Ɗan majalisa daga wata jiha mai nisa yana iya cusa layi ɗaya cikin dokar kasafi ya hana birnin kashe kuɗinsa, kuɗin da ya tara daga harajin mutanensa, a kan wani abu. A 1998 mutanen gari suka kaɗa ƙuri'ar raba-gardama kan amfani da tabar wiwi a matsayin magani ga marasa lafiya. Majalisa ta hana a kashe ko sisi wajen ƙirga ƙuri'un. Sakamakon ya zauna a kulle kusan shekara guda, sai da kotu ta ba da umarni a 1999 aka bayyana shi. Mutum yana iya ƙin wiwi iya ƙi, ni ma ba mai kare ta ba ne, amma hana a ƙirga ƙuri'ar da jama'a suka riga suka kaɗa wani abu ne daban. A wannan shekarar ta 1998 kuma aka hana birnin kashe kuɗinsa wajen raba sababbin allurai ga masu shan ƙwaya ta jijiya, shirin da ake yi don rage yaɗuwar cutar ƙanjamau. Haramcin ya kai har 2007, a garin da rahoton hukumominsa na 2009 ya nuna aƙalla kashi 3 cikin ɗari na manya da matasa suna ɗauke da ƙwayar cutar. Bayan an ɗage haramcin, sababbin kamuwa tsakanin masu allurar suka ragu ƙwarai. Akwai mutanen da suka kamu a waɗannan shekaru tara saboda shawarar waɗanda ba za su taɓa tsayawa zaɓe a gabansu ba.

Ta fuskar kuɗin shiga ma an ɗaure birnin. Dokar 1973 ta hana shi karɓar haraji a kan albashin waɗanda ke aiki a cikinsa suna kwana a Maryland ko Virginia, alhali su ne kaso mai yawa na ma'aikatan gari, kuma jihohi suna da ikon karɓar irin wannan haraji. Gine-ginen gwamnatin tarayya da ofisoshin jakadanci ba a karɓar harajin ƙasa a kansu. Hukumar binciken kuɗi ta majalisa da kanta ta kiyasta a 2003 cewa birnin yana fama da giɓin da ba laifinsa ba ne, tsakanin dala miliyan 470 zuwa sama da biliyan 1 a shekara. A 2020, da aka raba tallafin korona, kowace jiha ta samu aƙalla dala biliyan 1.25. Washington aka lissafa ta cikin yankuna, aka ba ta kusan miliyan 500, sai a 2021 aka cika mata ragowar. A Maris na 2025 kuma dokar kasafin wucin-gadi ta tilasta wa birnin komawa kan kasafin shekarar da ta gabata ana tsakiyar shekara, abin da ya taɓa kusan dala biliyan 1 na kuɗin da shi ya tara da kansa. Lokacin da ake rubuta waɗannan dokoki babu sanatan da zai tashi ya ce ba zai bari su wuce ba sai an gyara.

Hujjar tsaro ta 1783 kuwa ta fuskanci jarrabawarta ranar 6 ga Janairu, 2021, lokacin da magoya bayan Donald Trump suka kutsa ginin majalisa. A kowace jiha gwamna ne ke da ikon kiran dakarun tsaron jiha. A Washington ikon yana hannun shugaban ƙasa, magajiyar gari Muriel Bowser ba ta da shi. An ɗauki sa'o'i kafin dakarun su iso. Waɗanda suka ruga suka taimaki 'yan sandan majalisa su ne 'yan sandan birnin, da yawansu suka ji raunuka. Tsarin da aka gina don kare majalisa daga sakacin hukumomin gari ya bar ta tana jiran gwamnatin tarayya, hukumar gari ce ta kawo ɗauki. A watan Agustan 2025 kuma aka ga ɗaya fuskar abin, da Shugaba Trump ya yi amfani da sashe na 740 na dokar mulkin kai ya karɓe ragamar 'yan sandan birnin na kwana 30, ya kuma baza dakaru a tituna ba tare da buƙatar amincewar magajiyar gari ba.

Masu adawa da mayar da birnin jiha suna da hujjoji, kuma wasu na da nauyi. Suna cewa tsarin mulki ya tanadi gunduma wadda ba ta kowace jiha ba. Ƙudurin da ake ta gabatarwa ya amsa wannan ta hanyar rage gundumar zuwa ɗan fili da ya ƙunshi fadar White House, ginin majalisa, Kotun Ƙoli da manyan ma'aikatu, sauran unguwannin su zama jiha ta 51. Kundin ya faɗi iyakar girman gundumar, bai faɗi iyakar ƙanƙantarta ba, kuma an taɓa rage ta a 1846. Matsalar gaske tana ga gyara na 23: ɗan filin da zai rage, wanda ƙila iyalan shugaban ƙasa ne kusan kaɗai mazaunansa, zai ci gaba da riƙe ƙuri'u uku na zaɓen shugaban ƙasa har sai an soke gyaran. Wannan ba ƙaramar tangarɗa ba ce, kuma ma'aikatar shari'a a ƙarƙashin gwamnatoci daban-daban ta taɓa cewa abin yana buƙatar gyaran tsarin mulki. Hujjar da ba ta da tushe ita ce ta cewa birnin bai iya riƙe kansa ba. Gaskiya ne ya durƙushe a zamanin magajin gari Marion Barry har aka naɗa masa hukumar kula da kuɗi daga 1995 zuwa 2001. Amma birnin Detroit ya tsiyace a 2013, ba wanda ya ce a karɓe ƙuri'ar mutanensa ta zaɓen sanata.

Akwai wasu hanyoyin ban da zama jiha. Ana iya mayar da unguwannin cikin Maryland, su zaɓi sanatocin can. Wasu 'yan Republican sun fi son wannan, sai dai shugabannin Maryland ba su nuna ɗoki ba, mutanen birnin ma a ƙuri'ar 2016 kusan kashi 86 cikin ɗari jiha suka zaɓa. An taɓa kawo shawarar a yafe musu harajin samu na tarayya tunda ba su da wakili. A 2009 kuma an kusa ba su kujera ɗaya mai ƙuri'a a Majalisar Wakilai, a ba jihar Utah mai ra'ayin Republican ƙarin ɗaya don a daidaita. Majalisar Dattawa ta amince, amma aka liƙa wa ƙudurin sharaɗin rushe dokokin birnin na taƙaita mallakar bindiga, abin ya watse. A ganina kowace daga cikin hanyoyin da ke ba mutum ƙuri'a ta fi halin da ake ciki, kuma wanda ya ƙi dukkansu ba tsarin mulki yake karewa ba.

Sauran ƙasashe masu tsarin tarayya sun warware wannan tuntuni. Brasília, babban birnin Brazil, tana da sanatoci uku da wakilai takwas, Canberra ta Australia tana da sanatoci biyu. Abuja ma, wadda aka tsara a 1976 a matsayin yankin da ba na kowace jiha ba, tana da sanata ɗaya da wakilai biyu masu cikakkiyar ƙuri'a. Nata ciwon a wani gefen yake: ba ta da gwamna ko majalisar dokoki ta kanta, minista ake naɗa mata, sai shugabannin ƙananan hukumomi shida da jama'a ke zaɓa, kuma 'yan asalin yankin irin su Gbagyi sun daɗe suna kokawa a kan hakan. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta yanke a 2003 cewa Amurka tana tauye haƙƙin mazauna Washington, gwamnatin ba ta sauya komai ba.

Abin da ke riƙe da maganar yau lissafin kujeru ne. Tun 1964 birnin bai taɓa zaɓen ɗan Republican a matsayin shugaban ƙasa ba, Biden ya samu kashi 92 cikin ɗari a 2020. Mayar da birnin jiha na nufin ƙarin sanatoci biyu na Democrat a majalisa mai mutum ɗari wadda sau da yawa kujera ɗaya ko biyu ke raba rinjaye. Ba sabon abu ba ne a tarihin ƙasar, shi ya sa aka sha shigar da jihohi bibbiyu don kowane ɓangare ya samu, kamar Alaska da Hawaii a 1959. Su ma 'yan Democrat ba su da bakin wanke kansu. A 1993 suna riƙe da fadar shugaban ƙasa da majalisu biyu, ƙudurin ya faɗi da ƙuri'a 153 da 277, fiye da ɗari daga cikinsu suka ƙi shi. Sauran jama'ar ƙasar ma ba su damu sosai ba: binciken jin ra'ayin jama'a na cibiyar Gallup a 2019 ya samu kashi 64 cikin ɗari ba sa goyon baya. A Afrilun 2021 Majalisar Wakilai ta sake amincewa da ƙuri'a 216 da 208. A Majalisar Dattawa ana buƙatar 60 kafin a rufe muhawara, Democrat a lokacin suna da 50, ɗaya daga cikinsu ma, Joe Manchin na West Virginia, ya fito ya ce ba ya goyon baya. Ƙudurin bai kai ga ƙuri'a ba har wa'adin majalisar ya ƙare.